Yaya Ƙaramin Mai Sana'a Zai Nemi Kwangilar Gwamnati?

TAMBAYA: Ni kafinta ne, ina da shago da yara huɗu da nake koya wa aiki. Wani mutum ya same ni ya ce zai samo mini kwangilar kai bencina da tebura 200 ga makarantun gwamnati, amma sai na fara ba shi naira dubu 300 na buɗe hanya. Ba ni da wannan kuɗi sai in na sayar da shanun huɗata. Don Allah ku bayyana mini yadda ake neman kwangila. Daga wani mai sauraronmu a Maƙera, ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, wanda ya roƙi a sakaya sunansa.

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Kafin kome, ka mai da shanunka turke tukuna, ka saurari bayanin.

A da can, musamman zamanin soja, kwangila kusan kyauta ce da mai mulki ke yi wa wanda ya ga dama. Daga nan muka gaji kalmomi irin su "kashi-mu-raba". Da aka koma mulkin farar hula, Shugaba Obasanjo ya kafa wani ofishi a fadarsa a 2001 don duba farashin kwangiloli, wanda Oby Ezekwesili ta shugabanta. Sai dai ofishin ba shi da doka a bayansa. Dokar ta samu ne a watan Yuni na 2007, kuma wanda ya sa mata hannu ɗan jiharku ne, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, kwanaki kaɗan bayan an rantsar da shi. Ita ce ta kafa hukumar kula da sayen kayan gwamnati da ake kira BPP.

A nan akwai abin lura. Wannan doka ta ma'aikatun tarayya ce. Watau idan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, za ta sayi kujeru, da ita za ta yi aiki. Amma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, ko hukumar ilmin firamare ta jiha, SUBEB, na jiha ne, kuma Jihar Katsina tana da tata dokar da tata hukumar, waɗanda aka samar zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Tsarin ya yi kama da juna ƙwarai, sai dai adadin kuɗi da kwanaki kan bambanta. Alƙaluman da zan kawo na dokar tarayya ne.

Matakin farko shi ne talla. Ma'aikatar da ke son kaya dole ta sanar a jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta sa a shafinta na intanet, ta ba da makonni kafin a rufe. Tallar za ta faɗi abin da ake so, da takardun da za a kawo, da ranar rufewa har da sa'a. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mutuminka ita ce: ina tallar? Wace jarida, wace rana? In ya fara kame-kame, to ka gane.

Sai takardu, kuma nan ne mafi yawan mutanenmu ke faɗuwa tun ba a kai ga maganar farashi ba. Gwamnati ba ta san Malam wane kafinta ba, kome gwanintarsa. Kamfani ta sani. Dole ka yi rijista da hukumar rijistar kamfanoni, CAC. Abin ya yi sauƙi yanzu, don tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya tak yana iya buɗe ƙaramin kamfani, ba sai ya jawo ƙaninsa ko matarsa ya sa a takarda ba. Bayan haka akwai takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, da lissafin kamfani wanda akanta mai lasisi ya duba ya sa hannu, da wasiƙa daga bankinka. A aikin tarayya akan ƙara da shaidar hukumar fansho, da ta asusun horas da ma'aikata ITF, da ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, gwargwadon girman kamfani, da shaidar cewa sunanka na cikin kundin BPP. Kazalika za ka yi rantsuwa a kotu ka bayyana ko akwai wani jami'in ma'aikatar da ke da hannu a kamfaninka. A ƙarshe, shaidar cewa ka taɓa yin irin aikin.

Ka duba wannan magana ta shekara uku da kyau. Ma'anarta, wanda ya yi rijista jiya ba zai ci babbar kwangila gobe ba. Mai yi maka alkawarin bencina 200 ko ya tambaye ka takarda ɗaya daga cikin waɗannan? Ban ga ka ambata ba a wasiƙarka.

In takardu sun cika, sai ka cika fam, ka sa farashinka, ka sa hannu, ka liƙe a ambulan. Sau da yawa ambulan biyu ake nema, ɗaya na takardun shaida, ɗaya na farashi. Za ka jefa a akwatin tanda, ka sa hannu a rijista, ko ka tura ta intanet inda aka ce a yi haka. Wanda ya makara, ko da minti biyar ne, mayar masa da ambulansa ake yi ba a buɗe ba. Don haka mai tasowa daga Maƙera zuwa Katsina kada ya bari sai ranar, ya dogara da motar haya. Da an rufe sai a buɗe akwati a bainar jama'a, a karanta sunan kowa da kuɗin da ya sa da ƙarfi. Kana da ikon zama a wurin, kuma ina ba ka shawara ka zauna ko da ka san ba za ka ci ba, ka riƙa rubuta farashin mutane. Makaranta ce kyauta.

Wa ke ci? Jama'a kan ce mai araha. Ba haka dokar ta ce ba. Cewa ta yi mafi ƙarancin farashi a cikin waɗanda suka cika dukkan sharuɗɗa. Kuma araha, in ji masu magana, ba ta ado. Sa'ad da nake koyarwa a wata firamare, an taɓa kawo mana bencina sababbi fil, fenti na ƙyalli. Kafin hutun zango rabinsu sun zama itacen girki, don ɗanyen katako ne, ƙusa kuwa kamar ana ƙirga ta. Ɗan kwangilar ya karya farashi ne don ya ci, sannan ya fanshe a kan yara.

To kai da ba ka son yin haka, sai ka iya lissafi. A ce benci da tebur ɗaya na cin maka naira dubu 40, katako da ƙusa da fenti da ladan yara. Guda 200 ya kama miliyan 8 ke nan. Ba ka sa kuɗin mota zuwa makarantu ba, wata a Kurfi, wata a can bayan madatsar Zobe. Ba ka sa harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 ba, wanda ake karɓa tun 2020, da wani harajin da ake cirewa tun kafin kuɗi su shigo hannunka. Sannan ga babbar magana: da kuɗin wa za ka yi aikin? Dokar 2007 ta yarda a ba da kafin alƙalami har kashi 15 cikin 100, aka ɗaga shi zuwa kashi 30 a gyaran 2020, amma ba a ba ka sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya maka. Sauran kuwa sai ka gama, an duba, an sa hannu. Dokar ta ce in biya ya wuce kwana 60 akwai kuɗin jinkiri da za a ƙara maka. A takarda ke nan. A zahiri, tambayi duk wani tsohon ɗan kwangila yawan takalman da ya kashe a bin bauca. Kuma kasuwa ba ta jiranka. Wanda ya sa farashi a watan Afrilu na 2023 bai san ranar 29 ga Mayu za a janye tallafin man fetur ba, mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin ɗaukar katako ya bi shi.

Idan ka ga an zalunce ka, akwai hanya. Ka rubuta koke ga shugaban ma'aikatar cikin kwana 15 na aiki. In amsarsa ba ta gamsar da kai ba, kana da kwana 10 na aiki ka kai wa BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Ba zan ce maka son kai da siyasa sun ƙare a harkar nan ba, wallahi suna nan. Amma wanda takardunsa suka cika shi ke da bakin ƙara.

Dangane da kuɗin buɗe hanya kuwa, ka sani toshiya ce, kuma mai bayarwa ma laifi ya yi. Hukuncin dokar ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne babu zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5. Duk kuɗin da ake biya na halal, kamar na fam, asusun gwamnati ake zuba shi a banki a ba ka rasit, ba a aljihun wani a gindin bishiya ba.

Ƙofar da ta dace da kai ita ce ta ƙananan ayyuka. In kuɗin bai kai wani adadi ba, ba a yin talla a jarida. Ma'aikata kan nemi farashi daga masu kaya aƙalla uku, ta zaɓa. Ka yi rijistar kamfani bana, ka buɗe asusun banki da sunansa, ka fara biyan haraji ko kaɗan ne. Ka yi wa makarantu masu zaman kansu da Islamiyyu bencina goma, ashirin, ka karɓi takardar oda da ta shaidar kammalawa a rubuce, ka ɗauki hoto ka ajiye. Ko ka karɓi aiki a hannun babban ɗan kwangilar da ya riga ya ci, amma da yarjejeniya a rubuce da shaidu. Rijistar da buɗe asusun ba za su ci maka kuɗin sa ɗaya ba, balle biyu, ga kuma damina na tafe.