Babi na 9: Abin da Ke Tsallake Rariyar Masana

Kafin mujallar kimiyya ta buga wani bincike, edita kan aika rubutun ga masana biyu ko uku da suka goge a fannin. Su duba hanyar da aka bi, su auna lissafin, sannan su ce a buga, ko a gyara, ko a ajiye. Wannan tankaɗe yana tare tsaki mai yawa. Sai dai mai bita takarda ce kawai a gabansa. Bai je bakin ruwa ba, bai taɓa kwalbar awo ba. Abin da marubuci ya ce ya gani, shi yake ɗauka.

Mu gangara gaɓar Tafkin Kainji. Tun da aka datse Kogin Kwara a 1968, ruwa ya kwanta har ƙasar Yawuri, ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya suka sami mazauni. A ce wani ya zo ƙidayar yaran da ke fitsarin jini. Ya shiga firamare a Yelwa da Wara da ƙarfe takwas na safe, ya raba kwalabe, ya tace fitsarin, ya ƙirga ƙwai, ya rubuta cewa cutar ta yi sauƙi. Lissafinsa daidai ne, amma akwai ramuka biyu a ƙarƙashinsa. Na farko, ƙwan tsargiya sun fi fita a fitsari tsakanin ƙarfe goma na safe zuwa biyu na rana, don haka awon sassafe kan ɓoye masu cutar. Na biyu, 'ya'yan Sarkawa da Gungawa da suka fi kowa wuni cikin ruwa, da yawansu suna cikin kwalekwale suna jan taru a lokacin da ake kiran suna a aji. Idan rubutun bai faɗi sa'ar awo ba, bai kuma faɗi waɗanda aka tsallake ba, masanin da ke Ibadan ko Landan zai iya sa hannu da zuciya ɗaya. Ranar rabon magani kuwa, da wannan adadin za a yi kasafi, tungayen masunta da suka fi buƙata su tashi a tutar babu.

Kada a zaci ƙananan mujallu ne kaɗai ke faɗawa irin wannan rami. Ranar 22 ga Mayu 2020, mujallar The Lancet ta Ingila ta buga binciken da ya ce kulorakwin da ɗan'uwansa na ƙara wa masu korona haɗarin mutuwa, bisa bayanan majinyata kusan 96,000 daga asibitoci 671. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajinta na maganin. Masu karatu ne suka lura cewa mamatan da aka lissafa a Ostareliya sun zarce na hukumar ƙasar, yawan majinyatan Afirka ma ya ƙi shiga hankali. Kamfanin Surgisphere mai bayanan ya ƙi buɗe su, aka janye binciken ranar 4 ga Yuni. Wannan mako biyu ya yi. Binciken Andrew Wakefield kuwa, wanda ya danganta wata allurar rigakafi da larurar galahanga a 1998 bisa yara 12 kacal, sai da ya shekara 12 kafin a janye shi, bayan iyaye masu yawa sun guje wa allurar.

Wani kuskuren ba ha'inci ba ne, sakaci ne. A 2016 wani nazari ya nuna cewa manhajar Excel kan mai da sunayen wasu ƙwayoyin gado zuwa kwanan wata, kuma kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba sun ɗauki wannan tabo. A shekarar ce Elisabeth Bik da abokan aikinta suka bi maƙalu sama da 20,000 da ido, suka tarar kusan 4 cikin 100 na ɗauke da hotunan awo da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba.

Duk wannan ba hujjar juya wa kimiyya baya ba ce. Arewa ta ɗanɗana kuɗarta lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A lura, galibin kurakuran da muka ambata masu bincike ne suka tono su, ta hanyar sake ƙirga da sake gwaji. Bugawa somin-taɓi ne. Sai wasu sun maimaita aikin sun sami abu guda kafin a kafa masa dogaro.

Saboda haka ɗalibin kiwon lafiya a Yawuri, ko jami'in asibiti a Shanga, idan aka ce masa "bincike ya nuna", ya yi tambaya huɗu: Mutum nawa aka auna? A ina, kuma yaushe? Wa aka bari a baya? Wa ya sake gwadawa? Wanda ya san ƙarfe nawa yaran tunga ke fita su, yana riƙe da wani sani da mai bita na nesa ba shi da shi, kuma haƙƙi ne a kansa ya faɗa.