Dokta Elias Zerhouni: Baƙon da Ya Shugabanci Binciken Lafiya a Amurka

A cikin shekarar 1975 wani saurayi ɗan shekara 24 ya sauka a Amurka tare da amaryarsa. Yana da takardar shaidar likita daga Jami'ar Aljiyas, yana jin Larabci da Faransanci, amma Turancinsa bai taka kara ya karya ba, kuɗin da ke aljihunsa kuwa 'yan daloli ɗari ne kawai. Bayan shekara 27 sai ga shi Shugaban Amurka ya damƙa masa hukumar binciken lafiya da ta fi kowace girma a duniya. Sunansa Elias Zerhouni, watau Iliyasu a bakinmu.

An haife shi a 1951 a Nedroma, wani ƙaramin gari a yammacin Aljeriya kusa da iyakar Maroko, cikin lardin Tilimsan. Ɗaliban tarihi za su tuna da sunan nan, domin daga Tilimsan ne Shehu Magili ya fito, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Mahaifin Elias malamin lissafi ne, kuma ɗan ya tashi da son lissafi da kimiyya. Ƙuruciyarsa ta zo daidai da yaƙin neman 'yanci tsakanin Aljeriya da Faransa, daga 1954 zuwa 1962, a birnin Aljiyas kuma ya yi karatunsa har ya zama likita.

Fannin da ya zaɓa shi ne na ɗaukar hoton cikin jiki. A lokacin ba fanni ne da matasan likitoci ke rububinsa ba, don ana ganin mai karanta hoto yana zaune ne cikin ɗaki mai duhu, wasu likitocin ke yin aikin gaske. Amma a farkon shekarun 1970 aka fito da na'urar CT, wadda ke haɗa hasken ɗaukar hoto da kwamfuta, ta nuna jikin mutum yanki-yanki kamar an yanka burodi. Ga mai son lissafi da likitanci, babu inda ya fi nan. Ya sami gurbin koyon aiki a asibitin Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo, kuma kafin shekara huɗu ta cika ya zama shugaban likitoci masu neman ƙwarewa a sashensa.

Aikin da ya fara fito da sunansa ya cancanci a tsaya a kansa. Sau da yawa likita kan ɗauki hoton ƙirjin mutum sai ya ga wani ɗan ƙullutu a huhu, bai wuce girman gyaɗa ba. To, mene ne shi? Yana iya zama ciwon daji ne ya fara. Yana kuma iya zama tabon wata tsohuwar cuta ce da ta warke, kamar tarin fuka. Idan daji ne, jinkiri halaka ne. Idan tabo ne, an buɗe ƙirjin mutum a banza, ga shi aikin ba ƙarami ba ne. Zerhouni da malaminsa Stanley Siegelman sun lura cewa tsohon tabo yakan tara sinadarin kalsiyam, irin wanda ke ƙarfafa ƙashi, ko da ido bai gan shi a hoto ba. Na'urar CT kuwa tana ba kowane ɗigo na hoto lamba gwargwadon taurinsa. Saboda haka idan lambar ƙullutun ta yi sama sosai, ana iya cewa tabo ne, a ƙyale mutum ya koma gida ana lura da shi.

Sai dai kuma da wasu asibitoci suka gwada, lambobinsu ba su yi daidai da nasa ba, har aka fara shakkar binciken. A nan ne halinsa ya bayyana. Maimakon ya tsaya musu, sai ya bi diddigin matsalar, ya gano cewa na'urorin ne suka bambanta: kowane kamfani da irin awon da tasa ke yi, kamar yadda mudun wata kasuwa ba ya zama ɗaya da na wata. Sai ya ƙera ƙirjin roba mai ɗauke da ƙullutai na gwaji waɗanda aka san taurinsu. A ɗauki hoton majinyaci, a ɗauki na robar a na'ura ɗaya, a kwatanta. Da haka hanyar ta zama abin dogaro. A 1988 kuma ya fito da dabarar zana layuka a kan tsokar zuciya da na'urar MRI, ba tare da an taɓa majinyaci ba, a ga yadda layukan ke lanƙwasa yayin da zuciya ke bugawa, a gane ɓangaren da ya raunana.

Ya yi 'yan shekaru yana aiki a jihar Bajiniya, ya koma Johns Hopkins a 1985, ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1990. A 1996 aka naɗa shi shugaban sashen ɗaukar hoto, daga baya ya zama babban mataimakin shugaban makarantar likitancin.

A 2002 Shugaba George W. Bush ya zaɓe shi ya shugabanci Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, waɗanda ake kira NIH a taƙaice. Ba asibiti ba ce irin wadda muka sani. Cibiyoyi 27 ne a ƙarƙashin inuwa ɗaya, hedkwatarsu a Bethesda, kuma mafi yawan kuɗinsu ana raba shi ne ga masu bincike a jami'o'i. A 2003 kasafinta ya kai kimanin dala biliyan 27. Balarabe, Musulmi, kuma watanni kaɗan bayan harin 11 ga Satumba 2001: ba kowa ya zaci za a ba shi wannan kujera ba.

Ya iske cibiyoyin nan kowace tana harkar gabanta, mai binciken zuciya bai san abin da mai binciken daji ke yi ba. A 2003 ya kawo tsarin da ya sa kowace cibiya ta zuba wani abu cikin asusu guda, don ayyukan da suka fi ƙarfin cibiya ɗaya. A 2006 Majalisa ta mai da asusun doka. Amma bai yi sa'ar lokaci ba, domin daga 2003 kasafin ya daina ƙaruwa, masu neman tallafi kuwa suna ta yawa, har matasan masu bincike suka fara barin aikin. Ya buɗe musu tallafi na musamman, ya rage zafin abin, ko da yake bai kawar da shi ba.

Gwaji biyu ya fuskanta waɗanda suka fi wannan wuya. Na farko, a ƙarshen 2003 jaridar Los Angeles Times ta bayyana cewa wasu manyan ma'aikatan hukumar suna karɓar kuɗin ba da shawara daga kamfanonin magunguna. Da farko ya so a gyara dokar ne kawai, kada a hana gaba ɗaya. Da binciken Majalisa ya nuna akwai yarjejeniyoyin da hukumar ma ba ta san da su ba, sai ya canza ra'ayi, a 2005 ya haramta abin. Ma'aikata suka yi ca a kansa, musamman kan batun sayar da hannun jarinsu, har ya sassauta wannan ɓangaren. A ganina haramcin daidai ne, don wanda ke auna magani ba zai ci daga hannun mai maganin ba a yarda da awonsa; laifinsa ɗaya shi ne jinkirin da ya yi.

Na biyu ya shafi bincike da ƙwayoyin asali da ake samu daga ɗan tayi na 'yan kwanaki. Masana na fatan su taimaka wajen gyara sassan jiki da suka lalace, masu adawa kuwa, da yawansu saboda addini, suna cewa rai ne ake salwantarwa. Tun 2001 Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati ga wannan bincike. Zerhouni ya bi umarnin shekaru, amma a Maris 2007 ya faɗa wa wani kwamitin Majalisar Dattawa ƙarara cewa taƙaitawar tana daƙile kimiyya. Ba kasafai ma'aikaci ke saɓa wa wanda ya naɗa shi a bainar jama'a ba. Ba a kore shi ba, dokar kuma ba ta canza ba sai a 2009, zamanin Barack Obama.

Ya ajiye aiki a Oktoba 2008. A 2009 gwamnatin Obama ta sa shi cikin jakadun kimiyya na farko da ta tura ƙasashen Musulmi, tare da Ahmed Zewail ɗan Masar, abin da ya kai shi Aljeriya, ƙasar da ta koyar da shi likitanci amma wata ta ci moriyarsa. Daga 2011 zuwa 2018 ya shugabanci sashen bincike na kamfanin magunguna na Sanofi a Faransa, watau ya koma ɓangaren kamfanonin da ya taɓa yi wa ma'aikatansa katanga da su. Bayan ya bar can ya haɗa kai da wasu masana suka kafa kamfanin ModeX, wanda kamfanin OPKO ya saya a 2022.