Funfuna: wadda ake gogewa da wadda ake zubarwa

Damina a ƙasar Damagaram gajera ce, amma ruwan watan Agusta yakan bar danshi a cikin ɗakuna. Danshi da zafi da rashin iska su ne ke haifar da funfuna, wadda wasu ke kira hunhuna. Ba iri ɗaya ba ce. Ya kamata kowane maigida da kowace uwargida su iya bambanta ta.

Ta farko ita ce mai zama a bisa. Fara ce ko ruwan toka, kamar an barbaɗa gari. Ana ganinta a jikin tabarma, da takalmin fata, da sirdi, da tufafin da suka daɗe a cikin akwati. Dukawan Zinder sun san ta sarai. Wannan mai sauƙi ce. A fitar da kayan waje, a goge, a wanke abin da ke wankuwa da sabulu, a shanya a rana. Kada a kakkaɓe a cikin ɗaki, domin ƙurarta tana tada tari da fuka.

Wani farin da ke fitowa a gindin bango, kamar a tsofaffin gidajen ƙasa na unguwar Birni, sau da yawa gishiri ne kawai. A ɗiga masa ruwa. Gishiri yana narkewa, kuma ba ya wari. Idan kuwa tabon baƙi ne, yana warin danshi, to a duba rufi da indararo. Muddin ɗaki na yoyo, shafa farar ƙasa aikin banza ne.

Ta biyu ita ce abin tsoro, wato mai shiga cikin abinci. Takan zama kore-kore, ko rawaya, ko baƙa. Ta fi son gujiya da masara, tana kuma kama dawa. Abin da ido ke gani kaɗan ne, domin zarenta ya riga ya ratsa cikin ƙwaya. Wani irinta yana zuba guba wadda likitoci ke kira aflatoksin. An gano ta bayan shekara ta 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gujiya mai funfuna. A shekara ta 2004 kuma, mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya bayan cin ɓatacciyar masara.

Gubar nan hanta take kamawa. Idan ana cinta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, tana iya jawo ciwon dajin hanta, kuma yara su kasa girma. Wanki ba ya fitar da ita. Suya da dahuwa ba sa kashe ta.

A nan ne nake jan hankalin mata masu tuyar mai, musamman a yankunan gujiya kamar Magarya da Matamai. Gujiyar da ta yamushe ko ta canza launi tana da araha a kasuwa, gaskiya ne. Amma mafi yawan gubar a cikin tunkuza take zama, da ita kuma ake yin ƙuliƙulin da yaranmu ke ci. Ba dabba ma ba mafita ba ne: saniyar da ta ci, gubar na fitowa a cikin nononta. A tsince ɓatattun ƙwayoyi, a ƙona ko a binne.

Manomi kuma ya shanya gujiya a bisa tabarma, ba a kan ƙasa ba, har sai ta yi ƙara idan an girgiza kwanson. A gyara jinkar rumbu tun kafin ruwan farko. Buhu ya hau bisa itace, a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango, a kuma buɗe a duba duk bayan mako biyu.