Zalika Souley: Tauraruwar Nijar da ta buɗe wa 'yan fim mata hanya

A Maraɗi, da Tibiri, da Jiratawa, da wuya a samu matashin da bai san Hadiza Gabon ko Rahama Sadau ba. Amma idan aka ambaci Zalika Souley, da yawa sai su yi shiru, alhali ita ce ta fara shan zafin wannan sana'a tun kafin a haifi Kannywood.

An haife ta a Yamai a shekarar 1947. Ba ta cika shekara 20 ba lokacin da Moustapha Alassane ya saka ta a fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, labarin wasu samarin ƙauye da suka rikiɗe suka koma kaboyi. A wancan zamani, ganin budurwa da wando a kan doki ba ƙaramin abin magana ba ne.

Daga nan ta yi aiki da Oumarou Ganda a Cabascabo, da Saitane, da Le Wazzou polygame, inda ta fito a matsayin matar da kishi ya kai ta ga aikata kisa. Wannan fim ne ya fara lashe babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

Sai dai ɗaukakar ta zo da tsada. Yawancin rawar da ake ba ta ta mugunta ce ko ta karuwanci, kuma 'yan kallo da dama ba sa bambance wasa da gaske. A waje ana karrama ta, a gida ana zaginta.

Bayan rasuwar Ganda a 1981, harkar fim a Nijar ta fara durƙushewa, aiki ya yi wuya. Fim ɗin Al'lèèssi, wanda Rahmatou Keïta ta shirya a kan rayuwarta, ya nuna ta a Yamai cikin talauci, tana fafutukar ciyar da 'ya'yanta a gidan da babu ruwan famfo. Daga baya ta tafi ƙasar waje, inda ta yi aikatau a gidajen mutane, halin da 'yan ci-rani da yawa suka sani.

Zalika ta rasu a watan Yulin 2021.

Tsangwamar da ta sha ba ta ƙare da zamaninta ba. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowa a bidiyon waƙa da mawaƙi ClassiQ, lamarin da ya sake tayar da muhawara kan matsayin mace a fim.

Tambayar da rayuwar Zalika ta bari ita ce: idan kyamara ta daina ɗauka, wa zai riƙe 'yar wasan da ta ba da ƙuruciyarta ga sana'ar?