Abin da ke ɓoye a bayan murfin ƙofar mota

Sau nawa muka shiga tasi muka ji ƙofa tana kaɗawa kamar gwangwani, ko muka ga yadin rufi ya saki yana shafar hula? Yawancinmu tsaki kawai muke yi. Amma a wurare irin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, akwai masu ciyar da iyali da wannan gyara. A wannan makon mun leƙa sana'arsu, saboda ɗaliban da ke neman abin yi idan an ba da dogon hutu.

Abin da muke jingina da shi a cikin mota murfi ne da aka rufe ƙarfen ƙofa da shi. A tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da aka harhaɗa a masana'antar Kaduna wadda ta fara aiki a 1975, kwali ne mai tauri aka lulluɓe da soso da leda. A motocin yanzu galibi roba ce. A bayansa akwai wayoyi, da sifika, da na'urar ɗaga gilashi, da igiyar ƙarfen da ke buɗe makulli.

Abubuwa biyu ne ke riƙe da murfin: sukurori, da ƙananan maƙalai na roba da ke jere a gefe-gefensa. Masu ƙera mota sun ɓoye su don ado. Sukuru yakan laɓe a cikin mariƙin ƙofa ko ƙarƙashin wani ɗan marfi a wurin ɗora hannu. A nan ne sabon yaro ke yin ɓarna. Ya kwance sukuru uku, na huɗu ya ɓace masa, ya ja da ƙarfi, sai ya ji "ƙas!" Zafin bazara da shekaru sun riga sun busar da robar, ba ta jure fizga. Idan murfi ya tsage, sai an shiga kasuwa neman na hannu, kuma ba lallai a sami mai launi iri ɗaya ba. Kuɗin aiki ya tafi, mai mota kuma ba zai dawo ba.

Gwani yakan fara da ido. Zai zagaya murfin ya ƙirga sukurori, ya zuba su a gwangwani ɗaya. Sannan ya cire kan batir na ragi ya dakata 'yan mintuna, domin wasu motoci na da jakar iska ta kariya a ƙofa ko a ginshiƙan gefe, kuma mahaɗan wayoyinta galibi rawaya ne. Ɗan koyo ba ya taɓa su. Daga nan zai zura abin ɓamɓara na roba daga ƙasa, kusa da kowane maƙali, yana sakin su ɗaya bayan ɗaya. Sukudireba tsirara tana karce fenti, fentin da ya karce kuma ƙofar tsatsa ce. Idan duk sun saki, sama ake ɗaga murfin, saboda bakinsa a rataye yake a gindin gilashi. Sai a zare wayoyi kafin a janye shi.

Za a tarar da wata leda manne da baƙin gam a jikin ƙarfen. Masu gaggawa kan yage ta su yar, alhali ita ke tare ruwa. Ruwan sama na bin gilashi ya shiga cikin ƙofa, ya fita ta ƙananan ramuka a ƙasanta. Idan babu ledar, damina ɗaya ta isa kwali ya kumbura, mota ta riƙa warin danshi.

Sai gyaran kansa. Ana ɓare tsohon yadi a hankali, domin da shi za a auna sabon. A kankare ruɓaɓɓen soso tas da buroshi. Ruɓewarsa ce ma ke sa yadin rufi ya saki, don haka shafa gam a kansa aikin banza ne. A shafa gam a fuska biyu, a jira ya sha iska har ya yi danƙo, sannan a manna daga tsakiya zuwa gefe don kada ya tattare. Gam ɗin na kama wuta, tururinsa kuma na illa ga lafiya, saboda haka a sarari ake aikin. Duk maƙalin da ya karye a sa sabo. Kafin a rufe, a mayar da batir a gwada gilashi da makulli da sifika, kada a sake kwancewa.

Mun lura cewa awon da muke yi a darasin lissafi da abin da ake koya mana kan lantarki duk suna aiki a nan. Wanda abin ya ba shi sha'awa, mace ko namiji, ya nemi izinin iyaye su haɗa shi da ubangida mai amana. Kada dai a fara gwaji da motar Baba.