Batir Mai Cikakken Baki da Ramammen Ciki

Fatake sun san mudun da aka danna gindinsa ciki. Idan an zuba masa gero ya kan cika har ya yi tozo, mai saye ya gani da idonsa ya yarda, sai ya isa gida sa'an nan ya tarar awo bai kai ba. To, irin wannan mudu ya shigo kasuwannin Birnin Kebbi da Argungu da wata sura, watau tsohon batir rufaffe, wanda ba a ƙara masa ruwa, irin wanda a kan haɗa da farantin sola ko inbata. Da shi mai shago ke juya fanka, da shi kuma makarantun allo da yawa ke karatun dare a inda dā sai an hura wutar kara.

Asalin batir na dalma daga Faransa ne, wani masani Gaston Planté ya ƙago shi a 1859. Rufaffen kuwa ya zo daga baya, sa'ad da wani kamfanin Jamus, Sonnenschein, ya daskarar da ruwan cikinsa a 1957 domin kada ya zube. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowane ɗaki da allunan dalma jiƙe da ruwa mai ci, kowane kuma yana ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya.

Ga yadda ciniki ya kan kasance. Mai sayarwa ya ɗora wayoyin mita a kan batir, lamba ta nuna 12.8 ko 13, ya ce wa mai saye, "Alhaji, duba da kanka." Lambar ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta amsa tambayar da Alhaji ya zo da ita ba. Da fari dai, batir da aka cire daga caji yanzu-yanzu ya kan nuna fiye da abin da ke gare shi, kamar kumfar nono a bakin ƙwarya. Tilas a bar shi ya huta, ba caji ba aiki, sa'o'i da dama, in da hali ya kwana. Bayan hutu, lafiyayye cikakke ya kan tsaya wajen 12.7 zuwa 12.9. Idan ya nuna wajen 12.2 ya sauka rabi. Wanda ya tsaya wajen 10.5 ko da an yi masa caji, alama ce ɗaki guda ya mutu, wannan ba shi da magani.

Amma ko lambar hutu ta yi kyau, abin da ta faɗa shi ne mudu ya cika. Ba ta faɗi girman mudun ba. Mita tana auna kaurin ruwan da ke ciki ne, alhali ƙarfin ɗaukar wuta yana ga yawan dalmar da ta rage mai aiki. Batir da ya daɗe a sauke ba a mayar masa da caji ba, wani farin gishiri ya kan daskare a allunansa ya ƙi narkewa, ya cinye wuri kamar yadda yashi ke cike gulbin Rima. Allunan kuma su kan zagwanye da tsufa. Har wa yau ruwan ya kan tsere kaɗan-kaɗan ta 'yar kafar numfashi, ga shi babu hanyar mayarwa. Abin mamaki, wanda ya ƙafe ɗin ruwansa ya kan ƙara kauri, sai mita ta yabe shi alhali ya kusa kabari.

Zafin ƙasar Kabi shi ke gaggauta wannan duka. Shekarun da kamfani ya rubuta a takarda an lissafa su bisa zafi digiri 20 zuwa 25. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce, duk ƙarin kamar digiri 10 yana raba kwanan batir biyu. A watannin Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi ya kan haura 40, balle cikin shagon kwano da tsakar rana. Wanda aka yi wa alkawarin shekara biyar, ya yi biyu a nan, bai ci amanar kowa ba.

Gwajin gaskiya sai an ɗora masa kaya. Batir da aka rubuta wa 100Ah, ma'anarsa zai ba da amfiya 5 har sa'a 20 kafin ya sauka 10.5. Ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55 yana jan kusan haka. A cika batir, a haɗa ƙwan, a duba agogo. In ya faɗi a sa'a 10, rabinsa ya tafi, kuɗinsa ma ya kamata ya bi shi. Masu ƙera shi su kan ƙidaya shi tsoho tun ya koma kashi 80 cikin 100. Wanda ba shi da yinin jira, ya haɗa ƙwan minti goma yana duban mita: lafiyayye ya kan ɗan sunkuya ya tsaya sama da 12, gajiyayye kuwa ya yi ta gangarawa. Bayan gwaji a mayar da shi caji nan da nan.

Malamai sun san babin aibi a littattafan ciniki na mazhabar Maliku, cewa hajar da aka ɓoye aibinta mai saye yana da ikon mayarwa. Sai dai sau da yawa shi kansa mai sayarwa bai sani ba, domin shi ma da mita ya sayo. Saboda haka ya fi kyau a ƙulla ciniki bisa sharaɗin gwajin ƙwai, a gaban shaidu.

Wanda ya mutu kuma kada a fasa shi a tsakar gida ko a narkar da dalmarsa kusa da yara. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa a gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara, dalmar da ke cikin batir kuwa ita ce dai wannan. A miƙa shi ga masu sayen tsofaffi yana rufe yadda ya zo.