Zakin Hannun Riga

A wurin Bahaushe kare ma'aikaci ne: ko gadi, ko farauta, ko rakiyar garke. Shi kuwa Pekingese, ɗan karen nan na ƙasar Sin da ya ci sunan birnin Peking, wato Beijing ta yau, ba don ko ɗaya daga cikinsu ake kiwonsa ba. Da ƙyar nauyinsa ke wuce kilo 6. Ƙafafu gajeru, fuska a baje, idanu dara-dara, geza ta zagaye wuya, sauran gashin yana sharar ƙasa. Tafiyarsa ta ƙasaita ce, da rangaji, kuma ba kowa ke kiransa ya amsa ba.

Sinawa suna da tatsuniyar asalinsa. Wai zaki ne ya ga wata 'yar biri ya kamu da sonta, girman jiki ya hana aure. Sai ya roƙi Buddha ya ƙanƙantar da shi amma ya bar masa zuciyarsa, aka yi masa yadda ya so. Ɗan da suka haifa ya ɗauko fuskar uwa da zuciyar uba. Mu a nan cewa muke an sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba. Su can sun haɗa biyun a fata ɗaya. Zancen zuciyar kuwa gaskiya ne, don yakan tare karen da ya ninka shi sau biyar yana haushi, ko gezau.

Ɗaruruwan shekaru yana cikin fadar sarakunan Sin, bayin sarki na yi masa hidima, talaka ba ya mallakarsa. Mafi ƙanƙanta a cikin karnukan a faffaɗan hannun riga ake yawo da su. Yaƙi ne ya fito da shi duniya. A 1860 sojojin Ingila da Faransa suka wawashe fadar Yuanmingyuan, aka kwashi biyar daga cikin karnukan zuwa Ingila, aka miƙa wa Sarauniya Victoria ɗaya. Daga nan matan attajiran Turai suka shiga rububinsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda masu kiwo suka ci gaba da matse fuskar nan da tsawaita gashin don cin gasa. Kare ba ya zufa yadda muke yi, da haki yake sanyaya jikinsa. To wanda aka toshe wa hanci, aka kuma lulluɓe shi da gashi ninki biyu, ina zai sa kansa? A gasar karnuka ta Crufts ta 2003 wani Pekingese mai suna Danny ya zo na ɗaya, amma sai da aka zaunar da shi a kan ƙanƙara saboda zafi ya gallabe shi. A 2008 ƙungiyar Kennel Club ta Ingila ta gyara ƙa'idarta, ta ce dole a ga alamar hanci a fuskar Pekingese. An makara, amma gara haka.

Ga mai kiwonsa kuwa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Taje gashi kusan aikin kullum ne, in an yi sake ya cukurkuɗe, kaska da ƙuma su samu mafaka. Ninkin fatar da ke saman hanci sai an goge an busar, in ba haka ba ya yi gyambo. Idanun a waje suke, ɗan tsinke ko ƙura na iya yi musu illa. Bayansa dogo ne a kan gajerun ƙafafu, don haka ba a barinsa yana tsalle daga kan kujera. Allurar haukan kare kuwa tun yana ƙarami ake yi, ba a kiwon kare ranar farauta. In ya samu wannan kulawa yakan yi shekara 12 zuwa 14.

Duk wanda ya gan shi a hoto ya yi sha'awar saye, ya fara tuna zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, inda ma'auni ke haura 40. In ba ka da ɗaki mai sanyi da lokacin taje shi kowace rana, don Allah ka bar shi inda yake.